Ajiyar Albashi a Hannun Maigida, da Abin da Dokar Ƙwadago Ta Ce Game da Baƙo

 

'Yan'uwa, Malam Liman ne ya ce darasin wannan mako a yi shi a kan ƙwadago, kuma ya ce ni in rubuta tunda ni ke riƙe da littafin sulhu na masallaci. Dalili kuwa shi ne zaman da muka yi ranar Lahadin da ta wuce bayan La'asar, wanda muka tashi babu wanda ya ji daɗi. Wanda ya karanta takardar nan, don Allah ya karanta wa wanda bai iya boko ba, a kuma kai wa masu gadi da ba sa samun zuwa Juma'a saboda aiki, don maganar ta fi shafarsu.

Ga yadda abin ya faru. Wani dattijo ne daga cikinmu, mutumin wajen Dakoro, ba sai na faɗi sunansa ba. Shekara shida ke nan yana gadin wani siton citta, albashinsa dubu ashirin da biyar a wata. Kamar yadda yawancinmu ke yi, ba ya karɓa duka. Ya karɓi dubu biyar na abinci da sabulu, sauran ya ce maigida ya ajiye masa sai zai tafi gida. Shekara huɗu ana haka lafiya lau, in tafiya ta zo a ƙirgo masa kuɗinsa har a ɗora masa na mota. Sai daminar 2023 ta zo, cutar nan ta faɗa wa citta ta cinye gonaki tun daga Kachia da Jaba da Kagarko har nan ƙasar Jama'a, kasuwa ta tsaya cak. A daidai lokacin kuma aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Bai je gida ba, ajiya ta yi ta taruwa. Maigida ya yi ta ba shi haƙuri, shi kuma ya yi ta haƙurin. Ana nan sai Allah ya yi wa maigidan rasuwa. Da dattijo ya je wajen magada ya ce yana bin ajiyar wata goma sha tara, babban ɗan tambaya ɗaya ya yi masa: "Baba, ina shaida?"

Ba mu ce yaron azzalumi ba ne. Ya duba littattafan mahaifinsa bai ga komai ba, ga kuma marayu ƙanana a cikin gadon. Da ƙyar, bayan an yi ta kai da komo, suka yarda za su ba da dubu ɗari da hamsin daga cikin dubu ɗari uku da tamanin, wai a matsayin taimako. Dattijo ya karɓa. Amma da muka fito ya ce min wallahi ba ragin ne ya fi ƙona masa rai ba, kalmar nan ce ta taimako, shi da ya yi shekara shida yana kwana a kan benci da tocila a hannu.

Na koma na duba littafin sulhu tun daga lokacin da aka damƙa min shi. Mafi yawan rigimar kuɗi da ake kawowa, ajiyar albashi ce, kuma kusan kullum babu ko layi ɗaya a rubuce. Wani abin da ba za a so in faɗa ba amma zan faɗa: yawancin iyayen gidan da ake kawo ƙararsu namu ne, Musulmi, wasu ma da su muke sahu ɗaya. Akwai mutanenmu da ke aiki a hannun Bajju da Ham da Atyap da Fantswam shekara da shekaru, ba mu taɓa jin kansu ba.

Doka ta san da kai

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa dokar aiki ta 'yan ƙasa ce da ma'aikatan gwamnati, baƙo sai dai abin da aka ga dama aka ba shi. Ba haka ba ne. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda take Babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004, da ta zo bayanin wane ne ma'aikaci a sashe na 91 ba ta tambayi ƙasar mutum ba. Duk wanda ya ƙulla yarjejeniyar aiki da wani, aikin ƙarfi ne ko na rubuce-rubucen ofis, a takarda aka yi ko da baki, ya shiga. Cikin waɗanda ta fitar akwai manyan ma'aikata masu ba da umarni da ƙwararru, da kuma iyalin maigida. A nan a kula: don maigida ya ce maka "kai ai ɗan gida ne" bai sa ka zama iyalinsa ba. Maganar tana da daɗin ji, amma ran rabon gado ba za a kira ka ba.

To, tunda yarjejeniyar baki ma doka ta yarda da ita, me ya kayar da dattijonmu? Rashin hujja. Haƙƙi yana nan, abin da za a nuna ne babu. Shi ya sa sashe na 7 ya ɗora wa mai ɗaukar aiki, ba ma'aikaci ba, nauyin ba da takarda kafin wata uku su cika da fara aiki. A cikinta a rubuta sunan maigida da na ma'aikaci, ranar da ya fara, irin aikin, nawa ne albashi da lokacin biya, awowin aiki, hutu, da sanarwar da za a bayar in za a rabu. Ba wata doguwar takarda ba ce, shafi ɗaya ya isa.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa min: "Sakatare, yaya zan dubi idon mutumin da ya ba ni wurin kwana in ce ya rubuta min? Ai sai ya ce ban yarda da shi ba." Wannan kunyar ce ta cinye dubu ɗari biyu da talatin ranar Lahadi. Kuma addininmu bai san da ita ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara umarta da ita, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. A babin ijara malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a san lada, a kuma san wa'adi ko a san iyakar aikin, tun kafin a fara. "Ka zo ka fara, za mu daidaita" ba ciniki ba ne. Ko ƙissar Annabi Musa alaihis salam a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, da aka ɗauke shi kiwo sai da aka faɗi shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. An yi magana a fili tun ranar farko, kuma babu wanda ya ce an raina shi.

Yanzu ita kanta ajiyar. Sashe na 15 ya ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Ke nan a wajen doka ƙarshen wata kuɗinka ya zama naka, in ka bar shi a hannun maigida ka ba shi bashi ne ko amana da yardarka. Shawarata, kuma ita ce ta Malam Liman, a daina. Ko maigida waliyyi ne zai iya mutuwa, kasuwa za ta iya karya shi, ga kuma abin da ba mu cika lissafawa ba, wato faɗuwar naira. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500, kuma sefa tare da kuɗin waje take tafiya. Wanda ya ajiye naira wata goma sha tara don ya canza ta a Jibiya ko Maigatari, ko an ba shi cif-cif ya riga ya yi asara mai yawa. Gara ka karɓa ka aika gida, ko ka sayi akuya, ko buhun hatsi, ko ka sa a asusunka in kana da shi.

In kuwa dole sai an ajiye, to a sayi ƙaramin littafi guda biyu, ɗaya naka ɗaya na maigida. Duk ƙarshen wata a rubuta kwanan wata, abin da ka karɓa, abin da ya rage, jimilla nawa, shi ya sa hannu kai ka dangwala. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda ma ya kasa wannan, ya sa maigida ya turo masa saƙo ta waya, ko na murya ne, yana faɗin adadin. Tun 2011 dokar shaida ta Najeriya take karɓar abin da ke cikin waya da kwamfuta a kotu. Kada a goge, kuma a tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye saboda ɓatan waya.

Sauran haƙƙoƙin zan bi su da sauri, sai inda na ga ana yawan cutar mu in ɗan tsaya.

Albashi da kuɗi ake biya. Abinci da ɗakin kwana ƙari ne, ba za su maye gurbin kuɗi gaba ɗaya ba, kuma maigida ba shi da ikon tilasta maka kashe albashinka a shagonsa. Wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun aƙalla awa ɗaya a ciki, kuma a kowane kwana bakwai yana da yini ɗaya cikakke. Masu gadi, ku nawa ne kuke samun wannan? Wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki a jere yana da hutun shekara na aƙalla ranakun aiki shida da albashinsa. Rashin lafiya kuma har kwana goma sha biyu a shekara da biya, amma da takardar likita, ba ta mai kemis ba. Mata masu aiki suna da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da rabin albashi aƙalla in sun kai wata shida a wurin.

Yankan albashi shi ne inda ake gasa wa masu gadi da yaran shago aya a hannu. Buhu ya ɓace a sito, ko jarka, ko batirin mota, sai maigida ya ce wata biyu ba albashi. Sashe na 5 bai ba shi wannan iko ba. Ba ya cin ma'aikaci tara da kansa. In yana ganin ganganci ko sakacin ma'aikaci ne ya jawo masa asara, sai ya nemi izinin jami'in ƙwadago a rubuce kafin ya cire wani abu mai ma'ana, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Wannan ba lasisin barci a bakin aiki ba ne fa. Wanda aka ba shi gadi ya tafi kallon ƙwallo ya ci amana, kuma in aka kawo mana shi za mu faɗa masa haka a gaban kowa.

Sai sallama daga aiki. Sashe na 11 ya tsara sanarwa daidai da daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar, kuma wanda ya yi babban laifi ana iya sallamarsa nan take. Amma wuƙar nan baki biyu gare ta. Kai ma in za ka tafi sai ka ba da irin wannan sanarwa. Ɗabi'ar nan tamu ta a ji an yi ruwan shuka a gida a naɗe tabarma da asuba ba sallama, ita ma saɓa alkawari ce, kuma tana ɓata wa na baya suna.

Mafi ƙarancin albashi kuwa, bari in faɗi gaskiya don kada wani ya je ya yi rigimar da ba zai ci ba. An ɗaga shi daga dubu talatin zuwa dubu saba'in a Yulin 2024. Sai dai dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai ashirin da biyar ba, ta cire masu aikin jinga da na kamasho da na wasu 'yan awowi, ta kuma cire aikin da ke zuwa da lokaci irin na gona. Ku duba mu. Mai haƙar citta da kaka, mai tsaga ta da shanya ta a biya shi kan buhu, ɗan ga-ruwa, yaron mai shayi, mai gadin gida ɗaya, duk muna cikin waɗanda aka cire. Wanda ke aiki a babban kamfani, ko kamfanin hanya, ko makaranta mai ma'aikata da yawa, shi yana da bakin magana. Sauranmu kuwa abin da aka yi ciniki a kai shi ne haƙƙinmu, kun ga ke nan an sake dawowa kan takarda.

Rauni a wajen aiki yana da dokarsa daban, ta biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga na ma'aikaci. Masu aikin gini da masu shiga rami wajen haƙar duwatsu, in an ji ciwo a sanar da maigida nan da nan, a je asibiti, a riƙe kati da duk rasit. Kada a ce sai an warke.

Takarda ta biyu

Duk abin da na faɗa a sama takarda ɗaya ce, ta tsakaninka da maigida. Akwai ta biyu, ta tsakaninka da ƙasa, kuma rashinta shi ke sa mutum ya kasa buɗe baki ko yana da gaskiya. Sau nawa muka ji maigida ya ce, "Ka ƙara magana in kira maka imigireshan"? Sai mutum ya haɗiye, ya bar kuɗinsa.

Kafanchan dai garin baƙi ne tun da jirgin ƙasa ya mai da shi mahaɗa a wajajen 1927, kuma iyayenmu sun shigo sun fita ba wanda ya tambaye su komai. Amma dattawa ba su manta Janairun 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. An fi tunawa da 'yan Ghana, amma mutanen Nijar da yawa suna ciki, kuma wanda ya tafi a irin wannan gaggawa ba ya tsayawa karɓar ajiya. An sake yi a 1985. Zaman lafiyar yau bai hana mutum ya gyara takardunsa ba.

Ga yadda tsarin yake. Yarjejeniyar ECOWAS, wadda mutanen gida suka fi sani da CEDEAO, ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana casa'in, in yana da takardar tafiya mai inganci. Kwana casa'in fa, ba shekara tara ba. Ƙarin da aka yi a 1986 ya ba da damar zama da neman aiki, amma ta hanyar yin rajista da karɓar katin zama daga Hukumar Shige da Fice. Dokar shige da fice ta 2015 ita ke aiki yanzu, kuma ta hana baƙo karɓar aiki ba tare da izinin hukumar ba. Abin da maigida mai barazana bai sani ba, ko ya sani yake ɓoyewa, shi ne dokar ta hau kansa shi ma. Wanda ya ɗauki baƙo aiki ba bisa ƙa'ida ba ya yi laifi. In ya kira jami'ai, shi ma akwai tambayar da zai amsa.

Manyan kamfanoni masu kawo injiniyoyi daga Chaina ko Indiya ko Lebanon hanyarsu daban ce: sai sun nemi kason baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a ba su gurabe ƙidayayyu, sannan ma'aikacin ya karɓi katin CERPAC. Wannan bai shafi yawancinmu ba, na ambata ne don kada wani ɗan damfara ya zo ya ce sai kun biya kuɗin wannan kati da dala. 'Yan'uwanmu na Chadi da Kamaru kuma ƙasashensu ba sa cikin ECOWAS tun asali, su je ofis su tambayi abin da ya hau kansu, kada su yi aiki da abin da aka faɗa wa ɗan Maraɗi.

Tambayar da aka fi yi min a 'yan watannin nan ita ce ta ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso. Sun sanar a ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta fitar da sanarwa cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na ƙasashen uku masu tambarin ƙungiyar, mutanensu kuma su ci gaba da shiga ba biza da zama da sana'a, har sai an ba da wani umarni. Ku lura da wannan gaɓa ta ƙarshe. Da can haƙƙi ne da yarjejeniya ta ba mu, yanzu kuwa rangwame ne da za a iya sake dubawa. Ni a ganina wannan ne lokacin da ya fi dacewa mutum ya nemi katinsa, tun ƙofa tana buɗe. Ka tabbata kartidantite ko fasfonka bai mutu ba. Wanda ba shi da katin konsila ya nema, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Kano, babban yana Abuja. Daga nan sai ofishin shige da fice, ka je da kanka ko da shugabannin ƙungiya, ka karɓi rasit a kan duk abin da ka biya. Ban da 'yan "kawo in yi maka".

Wata gajeriyar hanya da wasu ke bi, ina roƙonku da girman Allah ku bar ta: yin takardar zama ɗan asalin wata ƙaramar hukuma da ƙarya, ko karɓar katin zaɓe. Kafin zaɓen 2023 Hukumar Shige da Fice ta nuna dubban irin waɗannan katuna da ta ƙwace a hannun baƙi. Wanda aka kama da shi ya mai da ƙaramar matsala babba, kuma a yanki irin namu, inda abu kaɗan ke zama maganar ƙabila da addini, ba kansa kaɗai ya jawo wa ba. Lambar NIN ita ba laifi, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da damar yi a matsayinsa na baƙo. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuma a sani: haihuwa kaɗai ba ta ba da zama ɗan ƙasa. Sashe na 25 na tsarin mulki ya ce sai in uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ɗan Najeriya ne. Yara da yawa a cikinmu iyayensu mata 'yan nan ne, waɗannan 'yan ƙasa ne cikakku, a yi musu takardar haihuwa a daina ɓoye-ɓoye.

Ga masu ɗaukar aiki a cikinmu

Alhamdu lillahi, wasunmu da suka zo da jaka ɗaya yau suna da teburin shayi uku, ko kurar ruwa goma, ko shago a kasuwa, suna aikawa gida a turo musu yara. Duk abin da aka karanta a sama a kanku yake. Yaron da ka ɗauko daga ƙauyenku ka ce wa ubansa za ka riƙa tara masa, nawa ka tara, a ina aka rubuta? In ka faɗi yau, matarka ta san adadin? Bashi ana fitar da shi kafin a raba gado, amma sai an san da shi. Kada ka bar wa 'ya'yanka abin da aka bar wa yaron nan na ranar Lahadi, ya tsaya tsakanin haƙƙin marayu da haƙƙin tsoho bai san wanda zai ɗauka ba.

Riƙe wa ma'aikaci katinsa ko fasfonsa don kada ya gudu, a daina. Haka ɗauko yaro ƙarami. Dokar Ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba aiki, sai ɗan abu mara nauyi na gida ko gona a hannun danginsa, kuma dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP ke aiki da ita, ta mai da ɗaukar irin wannan yaro aikatau laifi mai ɗauri. Masu kawo 'yan mata ƙanana aikatau suna karɓar kuɗinsu a madadinsu, ku ji da kyau.

In an cuce ka, ina za ka? Ka fara da maigidan, cikin ladabi, da mutum biyu a gefe. In bai yiwu ba ka zo masallaci ko wajen shugabannin ƙungiya, in maigidan Kirista ne mukan nemi dattawan cocinsu ko mai unguwa, kuma sau da yawa a nan take ƙarewa. In ta ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya a Kaduna, jami'ansu kan kira ɓangare biyu su sasanta. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, akwai hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta. Ƙarshe ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'ar aiki, tana da reshe a Kaduna. Ban ɓoye muku ba, hanya ce mai nisa da cin kuɗin mota, kuma duk inda ka shiga cikin waɗannan wurare tambayar babban ɗan nan za a fara yi maka. 'Yan sanda kuwa ba aikinsu ba ne karɓo bashin albashi, sai in akwai duka ko barazana ko an riƙe maka takardu.

Kwamitin masallaci ya sa an buga takardar yarjejeniyar aiki mai shafi ɗaya, Hausa a gaba Turanci a baya, da gurbin sa hannun shaidu biyu. Kyauta ce. Zan zauna a barandar gabas yau bayan an sallame, da kuma kowace Lahadi bayan La'asar, ni da Na'ibi, mu cike wa duk mai so. Wanda ke da ajiya a hannun wani yanzu haka, ya zo da lissafinsa ko a ka yake, mu rubuta, sannan mu raka shi wajen maigidan a sa hannu tun ana dariya. In maigidan ne da kansa ya fara zuwa, ya fi mana sauƙi.

Dattijonmu kuma ya ce gida zai koma, motar Talata zai bi ta Kano. Wanda Allah ya hore masa wani abu ya damƙa wa Ladan kafin sallar Isha'in Litinin, za a rubuta a karanta jimilla a gabansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci